Kimiyya, Adabi, Kasuwanci ko Sana'a: Wane Aji Za a Sa Yaro Bayan JSS3 a Sakkwato?

Duk shekara, a makon da sababbin 'yan SS1 suke shigowa, abu ɗaya nake gani a bakin ofishin mataimakin shugaban makaranta. Uba zai zo da ɗansa, a gaisa, ya ce: "Malam, wanga yaro likita nika so shi zama, a sa mini shi ajin kimiyya." Ka juya ga yaron, kansa a sunkuye, abin da Baba ya ce shi ke nan. Ka buɗe sakamakonsa na JSS3, wani lokaci ka tarar lissafi ya zauna masa daram, wani lokaci kuwa da ƙyar ya tsallake. Na daɗe ina koyarwa a sakandare a garin nan, kuma na tabbata a wannan makon ne ake yanke hukuncin da iyaye da yawa suke zaton sai ranar cike fom ɗin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, za a yanke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwas ɗin da yaro zai iya nema bayan shekara uku ya rataya ne a kan darussan da aka rubuta masa yau.

Bari in fara da yadda ƙofar take, don wanda bai san ta ba zai yi ta bugun bango. A ƙarshen SS3 ɗalibi yana zama jarrabawar WAEC ko NECO a darussa takwas ko tara. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 ana ce musu fas, amma ba sa shiga lissafin neman gurbi. Jami'a tana son kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake nema, Turanci a ciki ba makawa, Lissafi kuma ga kusan duk wani kwas na kimiyya, fasaha ko kasuwanci, kuma kada a wuce zama biyu. Sannan ga JAMB, darussa huɗu, Turanci dole, maki 400. A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Darussa ukun da suka rage bayan Turanci ba yaro ne yake zaɓar waɗanda suka yi masa daɗi ba, kwas ɗin ne yake faɗar su. Wanda bai taɓa zama ajin Kemistiri ba, ba shi da hanyar zuwa aikin jinya ko da ya ci JAMB da maki 300.

Ajin kimiyya shi ne kowa yake rububi, kuma akwai dalili. Ƙofofinsa sun fi yawa. Da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ana neman likitanci, harhaɗa magunguna, aikin jinya, ungozoma, aikin ɗakin gwaje-gwaje da likitan dabbobi. Da Lissafi, Fiziks da Kemistiri ana neman injiniya. Kimiyyar kwamfuta tana son Lissafi da Fiziks. Aikin gona yana son Kemistiri da Bayoloji ko darasin Noma. Kuma mu a nan ba sai mun tura yaro nesa ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da makarantar likitanci da asibitin koyarwa, tana da tsangayar likitan dabbobi da ta noma. Ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga kwalejin jinya, ga Kwalejin Kiwon Lafiya ta Sultan Abdurrahman a Gwadabawa, ga ta noma da kiwo a Wurno.

Wata fa'idar kuma ita ce ɗan kimiyya yana iya sauya sheƙa. Idan ya haɗa da darasin Tattalin Arziki tun SS1, yana iya komawa neman akanta ko harkar kasuwanci in ya ga kimiyyar ta gagara. Ɗan ajin adabi ba ya iya yin wannan juyin zuwa kimiyya, sai dai ya koma baya ya sake shekaru.

Amma ga inda nake rabuwa da iyaye da yawa. Waɗannan ƙofofin duka a buɗe suke ga wanda ya ci kiredit, ga wanda ya faɗi kuwa a rufe suke ruf. Yaron da aka cusa ajin kimiyya da ƙarfi, ya fito da D7 a Fiziks da F9 a Kemistiri, bai samu kimiyya ba, bai kuma samu adabi ba, tunda bai karanta Adabin Turanci ko darasin Gwamnati ba. Irin waɗannan yaran ne suke shekara biyu, uku suna maimaita jarrabawa, uba yana biya yana faɗa, har zuciyar yaron ta mutu ya ɗauka shi daƙiƙi ne, alhali wurin zama kawai aka ɓata masa. Na san wata yarinya da ta yi ta fama da Fiziks har zama uku. Ita ce take lashe muhawara a makarantarmu, Hausa da Turanci, bakinta kamar reza. Da an bar ta a ajin adabi, ina kyautata zaton da yanzu tana tsaye gaban alƙali. Har yau idan na tuna ta sai raina ya ɓaci, domin ina cikin waɗanda suka ga abin tun SS1, na faɗa sau ɗaya aka ƙi, ni kuma na yi shiru.

Likitancin kansa a dube shi da idon basira. Shekara shida ce a jami'a idan ba yajin aiki, sai shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa tana ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa guraben ba sa yawa, kuma yawanci ana son kiredit ɗin a zama ɗaya. Aji guda na 'yan kimiyya yana iya cika da masu burin likita, amma waɗanda za su samu ba su taka kara sun karya ba. Don haka duk wanda zai shiga wannan aji, tun ranar farko ya san ƙofarsa ta biyu. Ni a ganina, a Sakkwato, likitan dabbobi da aikin gona ba ƙananan ƙofofi ba ne. Jihar da jar akuyarta ta yi suna a duniya saboda fatarta, jihar da ake lodin shanu da raƙuma a Illela da Achida, ake fitar da albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadamun Goronyo da Wurno da Kwalkwalawa, ba ta rasa wa mai wannan ilimi abin yi, ko gwamnati ta ɗauke shi ko ba ta ɗauke shi ba.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba, ita ce ko makarantar tana da malamin Fiziks. Ajin kimiyya a Kwalejin Kimiyya ta Tarayya da ke cikin gari daban, ajin kimiyya a makarantar da malami ɗaya yake riƙe da darussa uku daban. Na taɓa aiki a wata makaranta da yara ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai saura mako biyu jarrabawa, alhali WAEC da NECO duka suna da takardar gwaji a aikace, kuma makinta yana da nauyi. Zuwa da kai ya fi saƙo. Uba ya je ya ce a nuna masa ɗakin gwaje-gwaje, ya tambayi 'yan SS3 sau nawa suka shiga cikinsa bana.

Ajin adabi kuwa an mayar da shi juji, inda ake zuba wanda kimiyya ta ƙi, kuma wannan zalunci ne ga ajin da ma yaran. Daga nan lauyoyi da alƙalai suke fitowa, da 'yan jarida, da masu harkar mulki, da malaman harsuna da tarihi. Aikin lauya shekara biyar ne a jami'a, sai shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, kuma gasar neman gurbinsa ba ta da sauƙi ko kaɗan. Makullinsa Adabin Turanci ne. Yaro ya tabbata an yi masa rajistarsa kuma akwai mai koyar da shi, domin makarantu da yawa suna barin darasin ya mutu don rashin malami, sai yaro ya zo cike fom ya tarar hanyar ta toshe. A Ɗanfodiyo ana haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, don haka mai Larabci ko ilimin addini yana da ƙarin ƙarfi a can.

Raunin wannan aji a bayyane yake. In ka cire lauya, yawancin digirorinsa ba sa zuwa da sana'a a hannu. Mai digirin tarihi ko kimiyyar siyasa yakan fito ya jira gwamnati, gwamnati kuwa ba ta da kujerun da za su ishi kowa. Wanda ya zaɓi adabi lalle ya fita da abu biyu: rubutu mai kyau a Hausa da Turanci, da iya kwamfuta. Wanda ya iya fassara tsakanin Hausa, Turanci da Larabci ba ya zama banza, gidajen rediyo da kotuna da ƙungiyoyin agaji duk suna nemansa. Kuma kada ɗan adabi ya saki Lissafi da sunan ba ya bukatarsa. Kiredit ɗin Lissafi shi ne yake buɗe masa kwasa-kwasan zamantakewa da na kasuwanci, kuma wuraren ɗaukar aiki da yawa suna tambayarsa.

A nan ya kamata in ambaci makarantun Larabci da ilimin addini, waɗanda ɗalibansu suke zama jarrabawar hukumar NBAIS. Takardarta karɓaɓɓiya ce wajen neman jami'a. A garin Shehu da Bello da Nana Asma'u da Waziri Junaidu ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kan darajar wannan karatu ba. Yaron da ya fito daga allo ko Islamiyya da ƙarfin Larabci, sau da yawa nan ne zai fi haske, ya wuce shari'a, ko Larabci, ko koyarwa, ko ya bi ta Kwalejin Shari'a da ke Wamakko. Abin da yake kayar da su kusan kullum Turanci ne a JAMB, don haka a nan za a zuba ƙarfi tun SS1.

Ajin kasuwanci ba zan daɗe a kansa ba, don maganarsa a miƙe take. Lissafi, Tattalin Arziki, Kwamas da lissafin kuɗi, su kai yaro akanta, banki, inshora ko gudanar da kasuwanci. Yana son Lissafi, amma ba irin zurfin na injiniya ba. Ya fi dacewa da yaron da ya tashi a shagon babansa a Babbar Kasuwa, wanda ya riga ya san riba da uwar kuɗi kafin ya san sunansu a littafi. Abin da nake so a cikinsa shi ne ko difloma kawai aka tsaya, ilimin yana aiki washegari a kan teburin shago. Mai son ya yi nisa kuma yana da jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN a gabansa. Matsalar ajin ita ce ba kowace makaranta ce take da shi a ware ba, wasu sun narkar da shi cikin ajin adabi.

Sai hanyar da aka fi rainawa, wadda ni kuma nake ganin lokacinta ya zo, wato kwalejin koyon sana'a, irin ta Farfaru da ta Runjin Sambo. Ana shiga bayan JSS3, a yi shekara uku ana koyon wayarin, walda, gini, kafinta ko kanikanci tare da Turanci da Lissafi da kimiyya, a ƙare da jarrabawar NABTEB. Iyaye da yawa suna zaton wanda ya shiga nan ya yi sallama da karatu. Ba haka ba ne. Da kiredit ɗin NABTEB ana zama JAMB, a shiga kwalejin kimiyya da fasaha a yi difloma shekara biyu, a yi shekara guda ta sanin makamar aiki, a dawo a yi babbar difloma shekara biyu, a tafi hidimar ƙasa kamar kowa. Wanda sakamakonsa ya yi kyau yana iya tsallakawa jami'a ma.

Dubi garin da muke ciki. Zafin bazara ya kan haura digiri 40, wuta ba ta tsayawa, kowane gida mai hali yana son sola, kowane mai shago yana son firjinsa ya yi sanyi, manoman fadama suna komawa famfon sola don tsadar fetur. Jami'ar Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Kamfanin siminti na Kalambaina yana aiki da masu wuta da masu walda da kanikawa. Wa zai ɗaura waɗannan na'urori, wa zai gyara su in sun lalace? Yaron da ya fito daga kwalejin sana'a yana da shekara 18 yana iya fara samun na kansa, ya riƙa biya wa kansa kuɗin difloma, yayin da abokinsa na ajin kimiyya yake zaman jiran sakamakon JAMB karo na biyu. Ga gidan da ba shi da ƙarfi, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ko a sakandare ta gama-gari ma, sabon tsarin karatun da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 ya taƙaita darussan sana'a zuwa shida, ciki har da ɗaura sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya da kwamfuta. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kayan aiki. Kwalejin sana'ar da injinanta suka mutu allo da alli kawai take koyarwa. Idan haka ne, a haɗa wa yaro da zuwa wurin wani ogan sana'a a gari da yamma da ranakun hutu.

Koyarwa ita ce hanyar da duk azuzuwan nan suke iya bi. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tana ba da takardar shaidar malanta ta NCE a shekara uku, kuma mai NCE yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Mutane suna ɗaukarta a matsayin da babu gara ba daɗi, sun manta Sardauna malamin makaranta ne a Midil ta Sakkwato, Shehu Shagari ma a nan ya koyar kafin siyasa. Ba zan ɓoye ba, albashin ba ya isa. Amma ɗan kimiyyar da bai samu likitanci ba, in ya koma ya karanta Fiziks ko Lissafi don ya koyar, ba zai yi yawon neman aiki ba, domin ƙarancinsu ne ya sa muke cikin wannan hali.

Maganar 'ya'ya mata tana da nata nauyin. Duk wanda ya taɓa kai matarsa ko ƙanwarsa asibitin ƙauye ya san yadda muke bukatar mata likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi. Yarinyar da Lissafi da kimiyya suka zauna mata, a bar ta a ajin kimiyya, a tsaya mata. Amma a yi lissafin shekaru da gaskiya tun yanzu. Idan gidan ya san za a yi mata aure ba da daɗewa ba bayan sakandare, a zaɓi hanyar da za ta iya ƙarasawa daga ɗakin mijinta a cikin gari, a kuma sa maganar karatun cikin abin da za a tattauna da masu nema. Na ga 'yan mata masu ƙwaƙwalwa sun tsaya a aji biyu na jami'a ba takarda ba sana'a, don ba wanda ya yi wannan magana a kan lokaci.

To da me za a auna? Ni nakan fara da sakamakon Lissafi da kimiyyar farko na shekara ukun JSS gaba ɗaya, ba na jarrabawar ƙarshe kaɗai ba, domin mun san yadda wasu wuraren jarrabawa suke. Yaron da yake cin Lissafi da kansa, yake jin daɗinsa, kimiyya ko kasuwanci. Wanda yake karanta duk takardar da ya tsinta, yake son gardama da labari, adabi. Wanda ya kwance rediyon gidan ya mayar, a kai shi ya ga kwalejin sana'a da idonsa kafin a yanke. Bayan haka sai aljihu. Shekara nawa gidan zai iya ɗaukar nauyi, uku, biyar ko takwas? Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, yana rage nauyi, amma bashi ne, za a biya. Sannan a zauna da yaron shi kaɗai, ko a sa kawunsa ko yayarsa su tambaye shi, domin yaranmu ba sa iya cewa a'a a gaban uba.

Ƙananan abubuwa biyu kuma suna ɓata wa mutane shekara guda a banza. JAMB ba ta rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, don haka sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a katin da takardun makaranta, kada a ga Muhammadu a nan Muhammad a can. Na biyu, shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, ba amfanin tsallake wa yaro aji don a burge maƙwabta.

Zangon farko na SS1 shi ne lokacin gyara. Idan sakamakonsa ya fito aka ga Fiziks da Kemistiri sun yi ƙasa ƙwarai duk da yaron yana ƙoƙari, a sauya masa aji kafin a shiga zango na biyu, tun bai yi asarar karatun da yawa ba. Bayan SS1 abin yana wuya, bayan an yi rajistar WAEC kuwa ba ya yiwuwa. Bara wani dattijo ya dawo ofishinmu a watan Janairu da takardar sakamakon ɗansa a hannu. Shi ne ya rantse a watan Satumba sai kimiyya. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce: "Malam, ku tambaye shi mi shika so, ni na faɗi nawa." Yaron ya ce wuta yake so ya koya. Muka rubuta masa takarda zuwa kwalejin sana'a a ranar.